Godogodo, Garin Kuza: Yadda Yaƙin Hitila Ya Shiga Cikin Gidaje

Matafiyin da ya taso daga Jos, da zarar ya gangaro Hawan Kibo ya bar sanyin tudun Filato a bayansa, zai ga ƙasa ta sauya kama. Duwatsun nan masu sanƙo sun ƙare, sai kurmi da rafuka da bishiyoyin kwakwar manja, ga gonakin doya da rogo da masara dama da hagu. In ya wuce gandun dajin Nimbiya ya bi ta Gidan Waya, ba zai daɗe ba zai iso Godogodo, a cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Gari ne na bakin hanya, inda direba kan tsaya ya sha ruwa, fasinja su sayi doya da ayaba da lemo, sa'an nan mota ta ci gaba. Da wuya a sami wanda zai tambayi abin da ya tara mutane a wannan wuri tun farko.

Amsar tana kwance a bayan gari. Wanda ya ratsa gonaki zai riƙa cin karo da tsofaffin ramuka da ruwa ya cika, da tarin ƙasa da ciyawa ta rufe har ya zama kamar tudun Allah. Waɗannan su ne kufan aikin kuza. Kuza ce ta jawo Bahaushe da Bafillace da Babarbare da Bayarabe da Ibo, suka zo suka tarad da 'yan ƙasa irin su Nindem da Kanufi da Kaninkon, aka zauna tare, Hausa ta zama harshen kasuwa da na bakin rami. Kuzar nan kuma ita ce ta ƙulla wannan yanki da yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi suke kira yaƙin Hitila, ko da yake ba a taɓa harba bindigarsa ko sau ɗaya a ƙasar Jama'a ba.

Tashar Kafancan

Ba a fahimtar Godogodo sai an haɗa da Kafancan. Kafin zuwan jirgin ƙasa, fadar Sarkin Jama'a tana tsohon garin Jama'a ne, kusa da Gidan Waya. A 1927 hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu da Makurɗi ta riga ta haɗu da Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafancan zuwa Jos. Nan da nan Kafancan ta zama mararraba, ma'aikatan reluwe daga kowace kusurwa ta Nijeriya suka cika ta, har a 1933 fadar sarki ta ƙaura ta koma can. A wancan zamani ƙasar Jama'a tana cikin Lardin Filato ne.

Aikin wannan hanya a bayyane yake. Gawayin Inugu ya hau tudu don injunan ma'adinai, buhunan kuza su gangara Fatakwal, jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Ingila inda ake narka su, domin sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka kuza a Jos. Yadda ake samun kuzar kuwa aikin ƙarfi ne tsantsa. Lebura ya sari ƙasa da diga, wani ya cika kwano da shebur, wani ya ɗora a ka ya hau da shi daga ƙasan rami, a zuba a magudanar ruwa a yi ta wankewa. Yashi da laka su bi ruwa, baƙin tsakuwar nan mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Ita ce kuza.

Diban Gwamna

Ranar 15 ga Fabrairu 1942 Singafo ta faɗa hannun Japan, bayan ƙasar Malaya ta riga ta suɓuce. Malaya kuwa ita ce babbar rumbun kuzar Ingila. Yaƙi ba ya yiwuwa sai da wannan ƙarfe: da shi ake shafe gwangwanin abincin soja don kada ya yi tsatsa, da shi ake liƙe wayoyin rediyo da na jirgin sama, shi ake haɗawa da jan ƙarfe a sami tagullar da ke cikin injuna. Saboda haka sai idon Landan ya juyo kan Lardin Filato.

Leburorin da ke zuwa da kansu ba su isa ba, sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas. Aka yanka wa kowane lardi adadinsa, Razdan ya sauke wa En'e, En'e ta sauke wa hakimi, hakimi ya sauke wa dagaci, dagaci kuwa ya shiga gida gida. Talakawa suka raɗa wa abin suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin da aka soke dokar, an kwashi mutum fiye da 90,000 daga lardunan Arewa zuwa filayen kuza, kowane rukuni ya yi 'yan watanni a sake kawo wani. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, abin da Nijeriya ba ta taɓa kaiwa ba kafin nan, ba ta kuma sake kaiwa ba har yau. Amma an biya farashi da rayuka. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina da kwarin Binuwai aka kai su tudu mai sanyi, ba bargo, ba wadataccen abinci, ba ɗakin kirki. Ciwon ƙirji da atuni suka kashe da yawa, da yawa kuma suka gudu cikin dare.

Waɗannan alƙaluma suna cikin takardun gwamnati da littattafan masana. Abin da ba ya cikinsu shi ne gidan da aka ɗebi mutumin. In an tafi da magidanci ana tsakiyar damina, wa zai yi noman biyu? Uwargida ce da yara da tsoho mai sanda. Ga hatsi da hukuma take tarawa don ciyar da barikin ma'adinai, ga gishiri ya yi wuya, ga kananzir da yadi sun yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ga haraji ba a ɗaga ba, ga kuma kuɗin taimakon yaƙi da ake karɓa. Matar da ta ƙulle ɗan gishirinta a tsumma tana tsakura kamar magani, ita ma ta yi yaƙin Hitila, ko da ba ta san inda Jamus take ba.

Wani abu da ya faru a wannan yanki yana nuna yadda tarihi yake zaɓen abin da zai riƙe. Wajen 1943, a wani ramin kuza kusa da Jama'a, aka tono kan mutum na yumɓu. Wani akawun ma'adinai ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi. Daga baya aka kai kan nan Jos aka nuna wa wani jami'in mulki mai ilmin kayan tarihi, Bernard Fagg, shi kuwa ya ga kamanninsa da wasu da aka tono a Nok tun 1928. Daga nan duniya ta san al'adun Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Tun 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus suka shiga bincike a kansu, har a 2013 aka baje kolinsu a can. Kan yumɓu ya sami suna da lamba da littattafai. Leburorin da suka ɗauke ƙasar da ta binne shi, ko jerin sunayensu babu mai karantawa.

Ɗan Kafancan Da Labarin Bama

Hanyar jirgin da ta kwashi kuza ita ce kuma ta kwashi samari. An kai sojan Nijeriya Gabashin Afirka suka yaƙi Italiya, sa'an nan a 1943 da 1944 aka tura runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Bama don karawa da Japan.  Sunayen barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung a Legas, duk daga wancan fage aka samo su.

Wanda ya mai da wannan tarihi ƙagaggen labari ɗan Kafancan ne. An haifi Biyi Bandele a garin ranar 13 ga Oktoba 1967, iyayensa Yarabawa ne, mahaifinsa kuwa tsohon sojan Bama ne wanda ya dawo da labarai da kuma tabon da ba ya ganuwa a fata. Bandele ya yi karatu a jami'ar Ile-Ife, ya koma Landan a 1990, ya shahara a wasan kwaikwayo da fim, ya rasu a Legas a watan Agusta 2022. A 2007 ya fitar da littafinsa mai suna Burma Boy. Tauraron labarin, Ali Banana, yaro ne ɗan shekara 14, ɗan koyon ƙira, wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, ya tsinci kansa cikin dakarun Chindit na Janar Wingate a dajin Bama a 1944. Ko da yake da Turanci aka rubuta shi, mai jin Hausa zai ji kamar a gida yake, domin farabiti da kofur da samanja da kyaftin ne suke ta barkwanci da gardama a cikinsa, har ranar da dariya ta ƙare.

Bandele ya sauke nauyin sojan da ya tafi. Saura nauyin waɗanda aka bari a tasha suna ɗaga hannu. A nan ne adabin Jamusawa yake da abin da zai nuna wa mai karatu na wannan yanki, abin mamaki kuwa, su ne abokan gaban da aka haƙi kuzar domin a ci su da yaƙi.

Gidajen Ɗaya Ɓangaren

Bayan 1945 marubutan Jamus sun daɗe suna fama da tambaya guda: yaya mutanen gari, masu zuwa aiki da safe su dawo da maraice, suka rayu a ƙarƙashin Hitila? Biyu daga cikinsu sun isa misali.

Na farko shi ne Hans Fallada, wanda ya rasu a Fabrairu 1947, a shekarar da aka buga littafinsa Jeder stirbt für sich allein, watau kowa shi kaɗai yake mutuwarsa. Labarin Otto da Anna Quangel ne, miji da mata talakawa a Balin. Shi shugaban leburori ne a wata masana'antar katako, mutum marar yawan magana, mai tsantseni da kuɗi, wanda bai taɓa sa baki a siyasa ba. A 1940 wasiƙa ta iso cewa an kashe ɗansu tilo a fagen Faransa, ana cikin shagalin nasara a gari. Daga ranar nan sai suka shiga rubuta ƙananan katuna na sukar Hitila, suna ajiyewa a matakalar benaye a ɓoye. Yawancin masu tsintar katunan, don tsoro, kai tsaye suke miƙa su ga 'yan sanda. Fallada ya gina labarin ne a kan takardun shari'ar wasu mutane na gaske, Otto da Elise Hampel, waɗanda aka kashe a kurkukun Plötzensee ranar 8 ga Afrilu 1943. Ƙarfin littafin yana cikin benen da suke haya: a hawa ɗaya ga iyalin 'yan jam'iyyar Nazi masu fankama, a wani ga tsohon alƙali mai taimako a asirce, ga ɗan tsegumi mai sayar da maƙwabci don 'yan sulalla, can sama kuma ga wata tsohuwa Bayahudiya da kowa ya san abin da ke jiranta. Ƙasa guda ce aka taƙaita a gida ɗaya.

Na biyu shi ne Walter Kempowski, wanda aka haifa a 1929 a Rostok, garin tashar jiragen ruwa, ya rasu a 2007. A littafinsa Tadellöser & Wolff na 1971 ya kwatanta gidansu ne daga jajibirin yaƙi zuwa ƙarshensa: uba mai jiragen dakon kaya, uwa mai tattalin tukunya, yara masu zuwa makaranta da koyon kiɗa. Sunan littafin ma daga wata barkwancin uban aka samo shi, wadda ya ƙago daga sunan tabar da yake sha. A ƙarshen Afrilu 1942, watanni biyu da 'yan kwanaki bayan faɗuwar Singafo, jiragen Ingila suka yi dare huɗu suna ruwan wuta a kan Rostok. Iyalin suka kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, gari ya waye suka share gilasai, aka ɗora ruwan shayi, aka ci gaba da barkwancin da aka saba. Uban bai ga ƙarshen yaƙin ba, an kashe shi a Afrilu 1945. A 2006 Kempowski ya sake fitar da Alles umsonst, watau duk a banza, labarin wani gida a Firusiya ta Gabas a Janairu 1945, inda ake jin rugugin igwar Rasha daga nesa amma mutanen gida suna ta jinkirin ɗaure kaya, kowa yana cewa abin ba zai iso nan ba.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan littattafai wanke Jamus suke yi. Gwamnatin Hitila ita ta tayar da yaƙin, ita ta hallaka Yahudawa miliyan 6 da wasu miliyoyin bayin Allah. Abin da ya sa labaran suke taɓa zuciya shi ne sun ƙi raba tausayi da gaskiya. Mai karatu zai ji tausayin uwar Kempowski tana ƙirga katin rabon abinci, a lokaci guda kuma zai lura da abin da ba a faɗa a wajen cin abincin: maƙwabtan da suka ɓace, da tambayar da kowa ya haɗiye. Marubucin ba ya yin wa'azi. Yakan ajiye maganar mutane yadda suke yinta, ya bar mai karatu ya ji nauyin shirun da ke tsakani.

Har ila yau Kempowski bai tsaya ga gidansu ba. Ya yi shekaru yana roƙon jama'a su aiko masa da wasiƙu da hotuna da littattafan ajiyar sirri na iyayensu, har ya tara dubbai. Daga cikinsu ya haɗa Das Echolot, mujalladi 10 da suka fito tsakanin 1993 da 2005, inda ya jera abin da soja da fursuna da uwar gida da minista suka rubuta a rana ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Sunan yana nufin na'urar da jirgin ruwa yake auna zurfin teku da ita.

Abin Da Ya Rage A Rubuta

In an narka kuza, ta Godogodo da ta Bukuru da ta Kwango duk sun zama ƙarfe ɗaya. Amma igiya guda ce ta ɗaure uwar da ke Rostok tana sauraron ƙugin jirgi, da uwar da ke ƙasar Jama'a tana sauraron sallamar ɗan sarki a ƙofar gida. Babu wanda ya shawarci ɗayansu kafin a soma. Bambancin shi ne an rubuta ta farkon har an fassara ta cikin harsuna da yawa, ta biyun kuwa labarinta yana bakin jikoki, yana raguwa kullum. Yaron da yake da shekara 15 a 1943 yanzu ya haura 95.

Ba a ce Hausa ba ta da wannan gado ba. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna a Shaihu Umar cewa ana iya ba da tarihin zamanin bauta ta hanyar uwa guda da ta bi sahara tana neman ɗanta. Abin da ake bukata shi ne wanda zai yi wa zamanin diban gwamna irin wannan hidima, ya shiga barikin kuza ya zauna da mai tuwon sayarwa da matar heluma da yaron da ke kai wa ubansa abinci bakin rami.

Bukatar ta wuce ta adana tarihi, domin yaƙi bai tsaya a 1945 ba ga gidajen wannan yanki. A 1966 jiragen ƙasa sun kwashi iyalan Ibo daga Kafancan zuwa Gabas, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. A Maris 1987 rikici ya tashi a Kafancan ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar, a 2011 aka sake yin wani bayan zaɓe. Kasuwar kuza ta duniya ta riga ta rushe tun 1985, aikin da ya haɗa mutane a rami ɗaya ya tafi. A 2016 hare-hare suka ci ƙauyuka da dama na ƙasar Godogodo, a watan Oktoba suka shigo garin kansa, aka rasa rayuka, aka ƙona gidaje, iyalai suka watse zuwa garuruwan maƙwabta. Bayan kowane irin wannan tashin hankali, kowane ɓangare yakan riƙe lissafin mamatansa, ya haddace sunayensu, na ɗaya ɓangaren kuwa su zama adadi kawai. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, amma mutumin Awe ba ya gaskatawa sai ya leƙa cikin gidan Doma.

Leƙen nan shi ne aikin ƙagaggen labari na gaskiya. In har ɗan Godogodo, wanda kakansa ya ɗauki kwano don a ci Jamus da yaƙi, zai iya karanta labarin Anna Quangel ya ji hawaye, to zai iya jin na matar da ke ƙetaren titi wadda ba su haɗa masallaci ko coci ba. Zai kuma iya yi wa kansa tambayar da littafin Fallada yake yi wa kowa: ranar da aka zo wa maƙwabci, a wane hawa na benen yake zaune?

Kayan aikin suna nan kusa. Kwalejin Horon Malamai ta jiha tana Gidan Waya, cike da ɗalibai 'yan wannan ƙasa masu jin harsunan kakanninsu, kowanne kuma da wayar da ke ɗaukar murya a aljihunsa. Takardun Lardin Filato suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. A cikin akwatunan tsofaffi akwai lambobin yabo na Bama da takardun sallama daga soja da rasiɗan haraji da asu bai gama cinyewa ba. Kempowski da tallar 'yan layuka a jarida ya fara tara nasa. Wanda zai fara na Godogodo ba ya bukatar fiye da tabarma da haƙuri, da sanin cewa tsohuwar da ke ɓare gyaɗa a zaure tana iya tuna shekarar da gishiri ya ɓace, da sunan wanda aka tafi da shi bai dawo ba.